Darasin Motsa Jiki a Firamare: Yaran da Ke Gudu a Cikin Littafi

Akwai wani darasi a makarantun firamarenmu wanda kowa ya san da zamansa, an rubuta sunansa a jadawalin da ke manne a ofishin hedimasta, ana kuma ba shi maki a katin sakamako duk ƙarshen zango, amma in ka tsare yaro ka tambaye shi yaushe rabon da a yi shi, sai ka ga ya tsaya yana sosa ƙeya. Darasin motsa jiki nake nufi, wanda yara da malamai ke kira Fi'i. Shi ne maraya a cikin darussa. In malamin lissafi bai gama aikinsa ba, lokacin Fi'i zai ci. In za a share harabar makaranta don baƙi na tafe, lokacin Fi'i ne. In jarrabawar Kwaman ta gabato, 'yan aji shida sun yi ban kwana da shi ke nan har su bar makarantar. Inda kuma aka ce ana yin sa, mai karatu ya buɗe littafin rubutun ɗansa ya duba. Zai tarar da tsawo da faɗin filin ƙwallon ƙafa, da adadin 'yan wasan ƙwallon raga, da ma'anar gudun famfalaƙi, duk an kwafe daga allo tsaf, malam ya sa hannu da jan biro. Yaron da ya ci goma bisa goma a wannan aiki ƙila bai taɓa taka fili da sunan darasin ba. Wato dai yaranmu a cikin littafi suke gudu.

Ni a ganina wannan hasara ce babba, kuma ta fi yi mana illa yau fiye da a da. Dalili kuwa, a da ko makaranta ta yi sakaci da wannan fanni akwai wanda ke ɗauke mata nauyin, shi ne dandali. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa kafin talabijin da wayar hannu su cika gidaje ya san abin da nake faɗi. Da farin wata ya fito, maza suna langa da kokawa da allan-ba-ku da a-sha-ruwan-tsuntsaye, mata suna gaɗa da carafke da 'yar gala-gala. Ba wanda ya kira wannan darasi, amma ka dubi langa kaɗai: yaro ya kama ƙafa guda ta baya da hannu, yana tsalle da ɗaya, yana ture abokin karawa, yana kare ruwansu har ya sha gida. Ƙarfin cinya, daidaita jiki, numfashi, dabara, aiki da 'yan'uwa, duk suna ciki. Carafke kuwa horon ido da hannu ne wanda da wuya a samu kamarsa. Ga tafiya makaranta a ƙasa, ga ɗiban ruwa, ga aike, ga gona da damina.

To yau fa? Ɗauki yaron birni ɗan shekara tara, a Kano ko Kaduna ko Zariya ko Sakkwato. Ƙarfe bakwai na safe an cusa shi a Adaidaita Sahu tare da yara takwas. Yana zaune a benci ko a ƙasa har azahar. Ya dawo gida ya ci abinci ya sake kaya, sai Islamiyya har kusan magariba, nan ma a zaune. Wani akwai mai lesin na jiransa, wani makarantar dare. Abin da ya rage na lokaci waya ce ko katun. Dandalin unguwa an yanka shi an gina, layin da ake buga ƙwallo ya zama hanyar babura, iyaye kuma, saboda satar yara da sauran fitintinun zamani, ba sa yarda yaro ya leƙa waje bayan isha'i, kuma ba na ganin laifinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kowace rana, irin wanda zai sa numfashinsa ya ɗaga. Mai karatu ya zauna ya lissafa ranar ɗansa, ya ga ko minti sittin ɗin nan za su fito. Ga yara da yawa a birane, filin makaranta shi kaɗai ne wurin da ya rage da za su yi gudu ba tare da mota ta kaɗe su ba.

Na san za a ce ai yaron ƙauye da yarinya mai talla ba su rasa motsi ba, har ya yi musu yawa. Gaskiya ne. Sai dai wahala daban, koyo daban. Yarinyar da ta yini da faranti a ka ta gaji, amma ba wanda ya koya mata jifa ko cafiya ko tsalle, kuma ba ta samu rabin sa'ar da za ta yi dariya a cikin sa'o'inta ba. Ita ma tana da haƙƙi a kan darasin nan, in ma ba ta fi ɗan birni ba.

Abin mamaki, ba baƙon abu ba ne a tarihin bokonmu. A Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920, wasanni suna cikin abin da ake auna ɗalibi da shi. A nan ɗalibai suka riƙa yin wasan nan na buga ƙwallo a bango da tafin hannu, wanda ake kira Fives, kuma Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, da ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, gwaninsa ne, bai kuma daina bugawa ba har lokacin da yake Firimiya. Har yau ana buga shi a Katsina da wasu garuruwan Arewa. Kwalejojin horon malamai da suka biyo baya, masu ba da takardar Gireidi Tu, malamin aji suke fitarwa wanda zai iya koyar da komai a firamare, har da fitar da yara fili da usur a wuyansa. Da aka ƙaddamar da shirin UPE a 1976 yara suka yi ambaliya cikin makarantu, azuzuwa suka cika, aka shiga neman malamai ido rufe. Daga baya manufar ilimi ta ƙasa ta mayar da NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kwalejojin Gireidi Tu suka shuɗe. Mai NCE kuwa fanni ɗaya ko biyu ya karanta. Wanda ya karanta Hausa da Nazarin Addini, ko Turanci da Nazarin Zamantakewa, in ka ba shi aji uku ka ce ya fitar da su fili, bai san ta inda zai fara ba, don ba a taɓa nuna masa ba. Wanda ya karanta fannin motsa jikin kuma sau da yawa sakandare ake tura shi, ko kuma a ba shi firamare a ce ya riƙe lissafi saboda ƙarancin malamai.

Ita ma manhaja ta yi ta jujjuya darasin kamar waina. Bayan dokar UBE ta 2004, hukumar NERDC mai tsara manhaja ta fito da tsarin shekara tara na ilimin bai-ɗaya, inda motsa jiki da kiwon lafiya ke zaman kansa. Da aka yi wa tsarin kwaskwarima a 2012 don rage yawan darussa, sai aka cusa shi a ƙarƙashin Kimiyya da Fasaha, ɗaki guda da kimiyya da fasaha da kwamfuta. Kowa ya san abin da ke faruwa in an haɗa mai ƙarfi da marar ƙarfi a akushi ɗaya. Malamin kimiyya aka miƙa wa, shi kuwa abin da ya iya shi ne alli da allo, sai ya mayar da gudu da tsalle abin haddacewa. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja, aka sake ware darasin da sunansa a jerin na firamare. Na yi murna da haka, amma murna ce ta taka-tsantsan, domin sauya suna a takarda a Abuja ba ya sa malama a Ɗambatta ko Gumel ta san abin da za ta yi da yara casa'in a fili ranar Talata da safe.

A nan ne nake so in daɗe, domin a nan gizo ke saƙar. Da yawanmu mun ɗauka darasin motsa jiki shi ne a jefa wa yara ƙwallo a koma gindin darbejiya a zauna. Duk wanda ya taɓa kallon wannan ya san yadda take ƙarewa. Manyan yara goma sha biyar su mamaye ƙwallon, ƙanana su yi ta bin ƙura ba su taɓa ta ko sau ɗaya ba, masu ƙiba da masu jin kunya su koma gefe, 'yan mata kuma su tsugunna a inuwa suna tsifar kai. A ƙarshe wanda dama ya iya shi ya ƙaru, wanda ya fi buƙata ya koma aji da yaƙinin cewa shi ba na wasa ba ne. Da sunan darasi an yi, amma ba a koyar da kowa komai ba.

Abin da ake koyarwa a firamare ba ƙwallon ƙafa ba ne tukuna. Kamar yadda ba a fara karatu da insha'i sai an san baƙaƙe, haka jiki yake da nasa baƙaƙen: gudu, tsayawa cak, juyawa, tsalle da ƙafa biyu, tsalle da ƙafa ɗaya, dira ba tare da an ji ciwo ba, jifa, cafiya, shuri, tsayuwa a ƙafa guda. Mutane suna zaton waɗannan da kansu suke zuwa in yaro ya girma. Wasu suna zuwa, amma jifa mai kyau da cafiya da dira koyonsu ake yi, kuma shekarun firamare ne lokacinsu. Ka lura da yaro ɗan aji ɗaya in ka jefa masa ƙwallo: zai runtse ido, ya kau da kai, ya buɗe hannuwa kamar mai rungumar tulu. Aikin malami shi ne ya ce masa ya kalli ƙwallon, ya tara tafukansa, ya janyo ta jikinsa. In zai yi jifa da hannun dama, ƙafar hagu ce gaba. In zai dira, ya lanƙwasa gwiwa. Ƙananan maganganu ne, amma yaron da bai samu mai faɗa masa su ba zai kai sakandare yana gudun fili don kada a yi masa dariya, daga nan kuma har tsufa.

Sai matsalar yawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Mu da muke shiga makarantun gwamnati mun san aji mai ninki biyu ko uku na wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ni ina ganin a duk darussa ba wanda ya fi jure yawa kamar wannan, in an san dabara. Babban abokin gaba a fili shi ne layi. In ka jera yara casa'in a layi ɗaya kowa na jiran ya yi tsalle guda, a cikin minti talatin kowane yaro daƙiƙa ashirin ya motsa, sauran lokacin rana yake sha yana tsokanar na gabansa. Raba su gida shida, kowane gida da shugabansa daga cikinsu. Gida ɗaya na tsallen igiya, ɗaya na jifan gwangwanayen da aka jera, ɗaya na langa, ɗaya na cafiya biyu-biyu, ɗaya na gudun miƙa sanda, ɗaya na bin layin da aka ja da toka a kan ƙafa ɗaya. Duk bayan minti biyar a busa usur su zagaya. Malami yana tsakiya yana gyara wa wannan hannu, yana yaba wa waccan. Makon farko hargitsi za a yi, babu shakka. Zuwa mako na uku yaran da kansu za su riƙa jera kayan kafin malam ya fito, domin ba abin da yaro ke so irin a ba shi muƙami.

Kayan aikin fa? Wannan ita ce hujjar da hedimastoci suka fi riƙewa, wai ba a kawo kaya ba. Ƙwallon tsumma da leda wa ya taɓa saye? Igiyar rama nawa take a kasuwa? Tsohuwar tayar babur, gwangwanin madara, toka daga murhun mai abincin makaranta, karan dawa na miƙa sanda, buhun da aka cika da ƙaiƙayi don dira. Langa kuwa ko allura ba ta buƙata. Kuma kada wani ya raina ta, domin tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, tare da dambe da kokawa, ana ba da lambar zinare a kanta kamar kowane wasa. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa, kuma ranar da za a ba da takobi kusan ƙasar ce ke tsayawa cak. Mu kuwa littafin darasin da ke hannun ɗan aji huɗu yana bayanin wasan kurket da hoki, waɗanda ƙila har ya mutu ba zai ga sandarsu ba, alhali wasan da kakansa ya yi suna a kansa ba a ba shi ko shafi guda ba.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon malamai su bari don Allah, ita ce mayar da motsa jiki horo. Yaro ya makara, tsallen kwaɗo. Bai yi aikin gida ba, ya zagaye fili sau biyar. Ya yi surutu, kamun kunne ko tuƙa babur har cinyarsa ta riƙa rawa. Shekara shida muna nuna wa yaro cewa gumi azaba ce da ake ɗora wa mai laifi, sa'an nan in ya kai shekara arba'in likita ya ce masa hawan jini ko ciwon suga ya kama shi, ya riƙa tattaki kullum, mu yi ta mamakin ya kasa. Haka kuma hana yaro fita tara don ya yi laifi. Yaron da ya fi kowa ƙiriniya a aji shi ya fi kowa buƙatar ya fita ya zubar da ita.

Yanzu bari in zo kan 'yan mata, inda na san wasu za su ɗaure fuska. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, wanda ya shafi ɗalibai miliyan 1.6 'yan shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin ɗari ba sa samun motsin da ya kamata, kuma mata sun fi: kashi 85, maza 78. Wannan a duniya baki ɗaya ke nan. A wurinmu kuwa ba sai an yi bincike ba kafin a ga cewa tun daga aji huɗu ake fara ce wa yarinya ta girma, ta daina tsalle-tsalle kamar namiji. Mu masu karatun littattafan Hausa ma mu tambayi kanmu: a cikin ɗimbin labaran soyayyar da muka karanta, sau nawa muka ga jaruma ta yi gudu in ba kare ne ya biyo ta ba? Kullum tana kwance a kan gado tana tunani, ko tana tafiya kamar ba ta son taka ƙasa, an ce wannan shi ne aji. To wannan yarinyar ita ce gobe za ta ɗauki ciki, ta yi naƙuda, ta yi goyo, ta yi hidimar gida. Ƙashin mutum a ƙuruciya da tashen balaga yake tara yawancin ƙarfinsa, kuma tsalle da gudu na cikin abin da ke gina shi. Wa ya fi ta buƙatar jiki mai ƙwari?

Masu cewa addini ya hana, ina ganin sun haɗa abu biyu ne. Abin da iyaye ke ƙi, kuma suna da gaskiya, shi ne a sa wa 'yarsu gajeren wando a fito da ita gaban maza, ko a cakuɗa waɗanda suka fara girma. Wannan kuwa gyaransa ba wuya. Dogon wando da riga mai yalwa da ƙaramin hijabin da ba ya harɗe ƙafa sun wadatar, daga aji huɗu a raba fili ko a raba lokaci, malama mace ta riƙe mata. Shi motsin kansa ba wanda ya hana. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. Malamanmu kuma sun sha kawo mana umarnin da ake jingina wa Sayyidina Umar (RA) na a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Gaɗa ma da iyayenmu mata suka yi, in ka cire waƙar, me ya rage in ba tsalle da tafi da faɗawa hannun ƙawaye ba? Matsalar da na fi gani ita ce malamai mata da aka horar a wannan fanni sun yi ƙaranci ƙwarai a Arewa, domin ba kasafai uba ke yarda 'yarsa ta shiga kwalejin ilimi ta karanta motsa jiki ba. Kafin a samu, sai a ɗauki malaman da ke akwai a ba su horon 'yan kwanaki lokacin hutu. Ba digiri ake nema ba don a koya wa 'yar aji biyu tsallen igiya.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta yunwa da ta karatu. Wani zai ce, malam, yaron da ya zo makaranta bai karya ba, kuma ya kai aji biyar bai iya karanta sunansa ba, shi za ka ce a fitar rana yana tsalle? Ban raina wannan magana ba. Shirin ciyar da ɗalibai da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016 a kan Naira 70 kowane yaro bai ɗore yadda aka yi fata ba, kuma yunwa a aji gaskiya ce. Saboda haka lokaci yana da muhimmanci: a sa darasin da sanyin safiya ko bayan tara in yara sun ɗan taɓa wani abu, kada a sa shi da tsakar rana a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, a sassauta da azumi, a tanadi ruwan sha. Game da karatu kuwa, ban taɓa jin makarantar da yaranta suka kasa karatu saboda Fi'i ya cinye musu lokaci ba. An daɗe da kashe Fi'in, karatun kuma bai zo ba. Duk malamin aji ya san yadda yara ke zama bayan awa biyu a wuri ɗaya: hamma, gyangyaɗi, tsunkule-tsunkule. A Sikotlan, a 2012, wata shugabar firamare a garin Stirling mai suna Elaine Wyllie ta fara fitar da yaranta minti 15 kullum su yi gudu ko sassarfa a harabar makaranta, da kayan makarantarsu, ba gasa ba kuɗi. Abin ya bazu zuwa dubban makarantu a ƙasashe da dama da sunan Daily Mile. Ban ga abin da ke cikin wannan da ya fi ƙarfin makarantar ƙauye ba.

Wani abin da malami ya wajaba ya sani kafin ya busa usur shi ne wa ke da sikila, wa ke da asma, wa ke da farfaɗiya a ajinsa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, kuma ƙishirwa da gajiya mai tsanani da sanyin hunturu suna tayar da ciwon. Ba a ce a ware yaron a ajiye a inuwa kamar kaya ba, a'a, a bar shi ya yi daidai ƙarfinsa, ya sha ruwa, ya huta in ya ce ya gaji, kada a kira shi rago. Haka yaran da shan-inna ta taɓa, waɗanda muke da su da yawa duk da an tabbatar da kawar da cutar ta daji daga ƙasar nan a 2020. Kada a manta, ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan katako mai taya, wani Bakano ne, Misbahu Lawan Didi, ya ƙirƙiro ta a 1988, kuma ta kai ana buga ta a jihohi da dama har da wasu ƙasashen Afirka. In masu lalurar da kansu sun samo wa kansu wasa, malami ba shi da uzurin barin yaro a aji yana gadin jakunkuna.

Na bar maganar lambobin yabo da gangan, domin duk lokacin da aka je gasar Olamfik aka dawo hannu rabbana, kamar yadda ta faru a Faris a 2024, sai manya su yi ta cewa a koma makarantu a nemo masu hazaƙa, bayan mako biyu a manta. I, gaskiya ne Garba Lawal da Tijjani Babangida da suka ciyo zinare a Atlanta a 1996 ba daga sama suka faɗo ba, filayen Kaduna ne suka raine su. Amma darasin firamare ba don mutum ɗaya cikin dubu goma aka yi shi ba, don sauran ne, waɗanda za su zama teloli da malaman jinya da direbobi. Shi ya sa ma bikin gasar gida-gida da makarantun kuɗi ke yi sau ɗaya a shekara ba ya burge ni. A karɓi kuɗin riga daga iyaye, a kafa rumfa, a yi maci, a naɗa sarki da sarauniya, a kira mai kuɗi ya zama uban gida, yara ashirin su yi gudu, ɗari uku su yi tafi. Washegari a kulle ƙwallayen a ofis sai baɗi.

Duk abin da na faɗa yana buƙatar abu guda wanda in ya tafi ba ya dawowa, shi ne fili. Tsofaffin firamarorin gwamnati an yanka musu filaye masu yalwa tun zamanin En'e. Sannu a hankali aka riƙa gutsura: a jera shaguna a jikin katanga da sunan samar wa makaranta kuɗin shiga, a dasa sabon ginin azuzuwa a tsakiyar filin ƙwallo don nan ne ɗan kwangila ya fi samun sauƙi, wani wurin ma a wayi gari a ga an yi fuloti. Aji in ya rushe ana sake gina shi, amma filin da aka yi wa bene ya tafi har abada. Makarantun kuɗi kuwa, da yawansu gidan haya ne mai ɗaki huɗu, tsakar gidan bai fi a shanya tabarma uku ba, kuma da takardar izinin hukuma a bango. In har doka ta sa sharaɗin ban-ɗaki da allo kafin a ba da izini, ban ga dalilin da zai hana a tilasta wa marar fili ya nuna yarjejeniya a rubuce da wata makaranta ko wani fili na kusa inda zai riƙa kai yara sau biyu a mako ba.

Mu iyaye ma da namu. In za mu sa yaro makaranta muna tambayar kuɗin zango, da ko ana Turanci zalla, da ko akwai kwamfuta. A ƙara da tambaya ɗaya: ina yaran ke wasa, kuma wace rana? A taron iyaye da malamai, ko a kwamitin gudanar da makaranta na unguwa, a nemi a ga jadawali. In an ce Talata ce da Alhamis ƙarfe takwas da rabi, wani daga cikinmu ya ɗan biya ta wurin ranar Talatar a kan hanyarsa ta zuwa kasuwa, ya leƙa ta ƙofa ya ga ko akwai yara a fili.